Ƙwallon da Dominic Ya Ci da Ka

Minti goma sha biyar ya rage a tashi wasa lokacin da gwiwar golan Karmo ta sami Dominic a gefen kai. Waɗanda ke tsaye jikin igiya sun ce sun ji ƙarar, kamar an saki ƙwarya a kan dutse. Ya zube rubda-ciki, bai ko tare ƙasa da hannu ba.

Matarsa Rosemary tana bayan raga da farantin dafaffiyar masara, 'yarsu Lucy a goye. Ta ajiye farantin ta tsallake igiya, amma masu gadin fili suka tare ta. Daga inda take tana hango tafin takalminsa, ba ya motsi. Zacharias, yayan Dominic, wanda shi ne kocin ƙungiyar, ya rugo da bokiti ya sheƙa masa ruwa a ka. Ya sake sheƙawa. Sai a karo na uku Dominic ya ɗago, ya zauna yana kallon mutane kamar bai san abin da ya tara su ba.

"Ka san inda kake?" in ji alƙalin wasa.

"Ya sani," Zacharias ya amsa. "Tashi, Domi. Kai suke jira."

Shi ɗin kuwa suke jira. A daminar 1992 ne, 'yan watanni bayan gwamnati ta tattaro komatsanta daga Legas ta dawo Abuja. Ma'aikata da leburorin da suka rasa ɗaki a cikin gari sun cika Nyanya da Jikwoyi, har sun fara malalowa Orozo, kuma ran Asabar ba su da wurin zuwa sai filin ƙwallo. Filin makarantar firamare da a da mutum ɗari ke tsayawa su kalli Zakarun Orozo, yanzu sai an kewaye shi da zana, an yanki tikiti. Dukansu Dominic, lamba tara, suke zuwa gani, dogon nan da ba a raba shi da ƙwallo in ta zo ta sama.

Dominic ya miƙe, fili ya kaure da ihu. Kafin a hura tashi ya ci ƙwallon da ta ba su nasara. Da yamma Zacharias ya zauna ƙarƙashin mangwaron tsakar gida ya ƙirga guntayen tikiti, ya faɗa wa mahaifinsu, Baba Jacob, cewa mutum dubu ɗaya da ɗari huɗu da sha biyu ne suka shiga. Suna cikin maganar Dominic ya zagaya bayan rumbun doya ya yi ta kwara amai.

Wasa uku ya rage a gasar 'yan dagaji ta yankin. Ƙungiya ɗaya tak ake ɗauka ta haura zuwa rukuni na sama, kuma Zakaru na biyu suke, maki ɗaya tsakaninsu da ƙungiyar wani kamfanin gine-gine da ke cikin gari. Baba Jacob ne ya kafa Zakaru da kuɗin doyarsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ba su taɓa zuwa kusa haka ba.

Ran Lahadi Dominic bai je coci ba. Ya ce hasken rana yana sukarsa a ido. Ran Litinin Rosemary ta same shi zaune bakin gado ya riƙe kai da hannu biyu, ta ce ya tashi su tafi ƙaramin asibitin da ke hanyar Karshi. Bai yi gardama ba, kuma wannan ya fi komai ba ta tsoro, domin ita ta san mijinta da gudun allura.

Nas ɗin da suka samu, Sista Zaituna, ta haska masa tocila a ido ɗaya bayan ɗaya. Ta sa ya taɓa hancinsa da yatsa, ta sa ya taka a kan layin siminti. Ta tambaye shi wa ya ci wasan Asabar. Ya dubi matarsa.

"Ba ka tuna ba?"

"An ce mu ne."

Sista Zaituna ta zauna ta rubuta takarda. "Maman yarinya, saurare ni da kyau. Ba ni da abin da zan ga cikin kansa da shi a nan. Ku kai wannan babban asibiti su yi masa hoto, a cikin satin nan. Ina tsoron jini ne ke taruwa. Ƙwallo kuwa, ko ta roba ce kada ta taɓa kan nan."

A gidan Baba Jacob suruka ba ta yanke irin wannan magana ita kaɗai. Rosemary ta durƙusa ta miƙa wa tsohon takardar, ta maimaita masa duk abin da aka ce. Ya daɗe yana kallon rubutun, sannan ya ninke ta gida huɗu ya zura a aljihun rigarsa.

"Na ji, 'yata. Za a je."

"Yaushe, Baba?"

"Na ce za a je. A bari ya huta tukuna."

Hutun dai an ba shi. Asabar ta gaba wasan gida ne da 'yan Nyanya, kuma tun ran Alhamis labari ya zaga tasha da kasuwa cewa lamba tara ba zai buga ba. Mutum ɗari uku da 'yan kai ne suka yanki tikiti. Wasu sun zo bakin zana, suka leƙa, da ba su gan shi ba suka juya. Aka tashi ba ci. Abin da ya cece su kawai, su ma 'yan kamfanin canjaras suka yi a nasu wasan.

A ranar ne kuma baƙon da Zacharias ya yi wata biyu yana nema ya zo. Oga Justice ake kiransa, ɗan kwangila ne da ya biyo gwamnati daga Legas, ya kuma ce in Zakaru suka haura zai ɗauki nauyinsu, takalma, mota, alawus, komai. Ya zauna a kujerar da aka ɗauko masa daga ofishin hedimasta, ya dubi filin da ya yi fayau, ya dubi agogonsa.

"Koci, ina jama'ar da ka ce mini? Ni ba na sa kuɗina inda ba mutane."

Bai tsaya an gama ba.

Ran Litinin Zacharias ya shigo ɗakinsu da ƙwayoyi a ƙunshin takarda daga wajen mai kemis. Ya ce biyu da safe, biyu kafin atisaye.

"Yaya, Sista ta ce kada ya buga," in ji Rosemary.

"Sista ta taɓa buga ƙwallo? Matarmu, ni nan sau biyu ina suma a fili. Ga ni. Ciwon kai ne, kowane ɗan wasa yana yi."

"Jiya ya saki kofi daga hannunsa. Bai ma san ya sake shi ba."

"Gajiya ce. Sati biyu kawai. Da mun haura, Oga da kansa zai kai shi asibitin Turawa, ba wannan na layi ba."

Ta juya ga mijinta. "Baban Lucy, ka yi magana mana."

Dominic yana kallon ƙwayoyin a tafin hannunsa. "In na sha zai lafa," ya ce, ya watsa su a baki.

Ƙwayoyin suna danne ciwon na awa uku ko huɗu, sannan ya dawo ya fi na da. Mutumin da a da yake riga kowa zuwa gona yanzu sai rana ta take yana kwance, ya rufe fuska da zanen matarsa. In ya tashi, ƙafarsa ta hagu tana ɗan ja a ƙasa, silifas ɗinsa yana barin layi a tsakar gida. Kowa a gidan ya ga layin. Mama Naomi, mahaifiyarsa, takan bi da tsintsiya ta share shi.

Mama Naomi tana da nata bayanin. Ta ce tun ranar wasan an ga golan Karmo yana binne wani abu a gindin raga, kuma ba gwiwa ce ta kayar da ɗanta ba. Ta kawo matan zumuntar coci suka yi addu'a a kansa, suka yi waƙa da ganga a ɗan ƙaramin ɗakin har ya toshe kunnuwansa da matashi. Washegari ta kawo wani tsoho daga bayan dutse ya yi masa tsaga a goshi ya shafa baƙin magani. Da Rosemary ta ambaci takardar asibiti, sai surukar ta dafa kafaɗarta.

"Ni na haife shi, Rosemary. Kina ganin zan bari a cuce shi? Ki yi haƙuri, maza sun san abin da suke yi."

Wasan Jikwoyi Dominic ya buga shi daga farko har ƙarshe. 'Yan Orozo sun cika a-kori-kura huɗu sun bi su. Sau biyu ƙwallo ta zo masa ta sama ya kauce, har magoya bayansu suka fara zaginsa. Daf da tashi aka ba su fenariti. Ya daɗe a tsaye kafin ya buga, ta shiga. Da suka dawo gida Rosemary ta tambaye shi me ya sa ya daɗe haka.

"Biyu nake gani," ya ce a hankali. "Ƙwallo biyu, raga biyu. Na tsaya ina zaɓar wadda zan buga."

Ran Talata Lucy ta zo da gudu ta faɗa jikinsa kamar yadda ta saba. Ya ture ta da ƙarfi har ta bugi ƙofa. Yarinyar ta fashe da kuka, shi kuma ya zauna yana kallonta, bakinsa yana motsi.

"Wannan... yarinyar nan... Rose, yaya sunanta?"

Rosemary ta miƙe. Ta ɗauki 'yarta ta goya, ta ɗauko takalminsa ta sa masa da hannunta. Baba yana gona, Mama ta tafi niƙa. Ta kama hannunsa suka bi ta bayan gida, ta cikin gonar rogo, har bakin titi. Ba ta da takardar, amma ta ce ko ba takarda za ta kwanta a ƙofar asibitin har a dube shi.

Sun fi rabin awa a tsaye. Motocin da ke wucewa duk a cike suke da ma'aikata. Ta hango wata tana rage gudu, ta ɗaga hannu, sai ƙarar babur ta tsaya a bayansu. Zacharias ne. Wata maƙwabciya ta gan su ta je fili ta faɗa masa.

"Ina za ki kai shi?"

"Asibiti, Yaya."

"Da izinin wa? In suka kwantar da shi fa? Kwana huɗu ya rage. Kin san mutum nawa ne ke jiran Asabar ɗin nan?"

"Ya manta sunan 'yarsa."

"Ni ma wani lokaci ina manta na nawa." Ya juya ga ƙanensa, muryarsa ta sauka. "Domi, hau mu tafi. Baba yana nemanka."

Dominic ya dubi matarsa, ya dubi motar da ta tsaya tana jira, ya dubi yayansa. Tun yana yaro bai taɓa jin an ce Baba yana nemansa ya ƙi zuwa ba. Ya zare hannunsa daga nata ya hau babur. Direban ya yi tsaki ya ja motarsa.

Da yamma Baba Jacob ya sa aka kira su biyun ƙarƙashin mangwaro. Bai ɗaga murya ba. Rosemary ta so a ce ya yi faɗa.

"'Yata, abin da kika yi yau ba a yi a gidan nan. Amma na yafe, tsoro ne ya sa ki." Ya gyara zama ya fuskanci ɗansa. "Dominic, ka san gonar da ke gangaren rafi. Kakana ne ya sare dajin. Bara masu awo suka zo suka kafa turaku a tsakiyar doyata, ko sallama ba su yi mini ba. Mutanen nan da suka zo, gani suke fili suka tarar, ba kowa a ciki. In na shiga gari, a ƙasar ubana, sai a tambaye ni daga ina na zo. Abu ɗaya ya rage da sunanmu a kai. In muka haura, rediyo zai ce Orozo. Duk ƙasar nan za ta ji akwai mutane a nan tun kafin su zo."

Dominic ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, muryar kamar ba tasa ba.

"Baba, tsoro nake ji. Akwai abin da ke danna ni a ciki. Kullum ƙaruwa yake."

Tsohon ya dube shi. Rosemary ta ga hannun tsohon ya tafi aljihun rigarsa ya tsaya a can. Sai ya sauke hannun ya ɗora a gwiwar ɗansa.

"Minti casa'in ne, ɗana. Ran Litinin ni da kaina zan kai ka. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Daga ranar aka daina barin Rosemary ita kaɗai da mijinta. In Zacharias ya fita, Mama Naomi ta shigo da tsinken tsifa ko da kwanon wake ta zauna bakin ƙofa. Ba wanda ya ce gadi ake yi. Ran Juma'a Rosemary ta ce za ta kasuwa, ta wuce wajen Sista Zaituna ta faɗa mata komai. Sista ta rufe littafin da ke gabanta, ta biyo ta har gida da farin kayanta.

Baba Jacob ya karɓe ta da mutunci, ya sa aka kawo mata ruwa. Ta gaya masa ba tare da kwana-kwana ba cewa in yaron nan ya sake buguwa a kai, ba ta da tabbacin zai tashi.

"Mun gode, Sista. Allah ya saka. Za mu duba."

"Zan iya ganinsa?"

"Yana barci."

Ya raka ta har bakin hanya, ya ba ta doya biyu.

Asabar ɗin wasan ƙarshe, wanda za su yi da 'yan kamfanin, ta zo da hadari a gabas wanda ya ƙi zubowa. Tun azahar mutane ke kwararowa, daga Karshi, daga Jikwoyi, daga Karmo, har da ma'aikata masu taye da suka zo a motocin ofis. Tikiti ya ƙare, aka yayyaga littafin makaranta ana bayarwa. Zana ta faɗi ta gefen yamma, ba wanda ya tsaya tayar da ita. Samari sun hau rufin ajujuwa, sun hau bishiyoyi. Daga baya Zacharias ya ce sun haura dubu uku. Oga Justice ya zo da baƙi biyu, an kafa musu rumfa.

Rosemary ba ta dafa masara ba ranar. Ta bar Lucy a gida, ta tsaya jikin igiya daidai tsakiya. Kafin su fito ta ga Zacharias yana ba Dominic ƙwayoyi, ba biyu ba, huɗu.

Rabin farko Dominic ya yi ta yawo a gaba kamar mai neman abin da ya yar. Masu tsaron bayan kamfanin sun lura ƙafarsa ta hagu ba ta bin umarni, suka daina tsare shi da mutum biyu. Aka tafi hutu ba ci. Canjaras ba zai yi wa Zakaru amfani ba, kowa ya sani. Rosemary ta hango shi zaune a ƙasa, yayansa tsugune a gabansa yana nuna goshinsa da yatsa, yana nuna raga.

Saura minti shida Zakaru suka samu bugun kwana. Filin ya ɗauki sunansa, dubu uku da baki ɗaya, Do-mi, Do-mi. Ƙwallon ta taso da ƙarfi, jiƙaƙƙiya da laka. Rosemary ta ga ya ja baya taku biyu kamar zai kauce. Sai ya tashi sama ya sa mata kai.

Ta shiga ta kusurwa.

Shi kuma ya sauko a kan gwiwoyinsa, ya kife. 'Yan wasan suka rufto a kansa ɗaya bisa ɗaya. Igiya ta tsinke, jama'a suka ɓarke cikin fili, alƙalin wasa ya yi ta hura usur ba mai ji. Wasu ƙarti suka zaro shi daga ƙarƙashin tarin suka ɗaga shi sama, suka fara zagaya fili da shi suna waƙa. Kansa yana reto a baya, hannunsa ɗaya yana lilo. Sun ɗauka murna ce ta kashe masa jiki.

Rosemary tana kutsawa tana ihu a sauke shi, amma muryarta ba ta wuce kunnenta ba. An take mata ƙafa, ɗankwalinta ya faɗi. Sau biyu aka wuce da shi ta gabanta. A karo na uku ta kama ƙafarsa ta rataya da dukan nauyinta har suka tsaya. Da aka shimfiɗe shi a ƙasa, ido ɗaya a buɗe yake, yana wani irin minshari.

Aka janye shi gefe, aka kori mutane, aka ƙarasa minti shidan. Sai da aka hura tashi sannan aka sami hanyar fitar da mota. Ta Oga Justice tana can tsakiyar cunkoso, kuma ya ce baƙinsa suna sauri. A bayan a-kori-kurar wani mai doya aka kai shi, kansa a cinyar matarsa, ruwan da ya ƙi zuwa tun rana yana dukansu.

Likitan da ya karɓe su ya ɗaga fatar idonsa, ya tambayi yaushe ya bugu.

"Yau ne, likita," in ji Baba Jacob. "Yanzu-yanzu, a wajen wasa."

"Sati uku ke nan," Rosemary ta ce. Ba ta durƙusa ba, ba ta kuma sauke murya ba. "An rubuto muku takarda tun sati uku. Tana aljihunsa."

Likitan ya dubi tsohon. Ya juya ya ce a shirya ɗakin tiyata.

Dominic bai mutu ba. Bayan wata biyu aka dawo da shi Orozo, ɓarin jikinsa na hagu ba ya aiki, bakinsa ya karkace, kalma uku ko huɗu ce ta rage masa. Rosemary ke ɗaga shi, ita ke wanke shi, ita ke ba shi kunu da cokali.

Rediyo ya ce Orozo, sau ɗaya, a labaran wasanni na ran Lahadi. Kafin sabuwar kaka Oga Justice ya kawo takardu aka sa hannu. Ya ce filin firamare bai dace da babban rukuni ba, ya mayar da ƙungiyar cikin gari, ya sa mata sunan kamfaninsa, ya kawo 'yan wasa da koci daga kudu. Ranar wasansu na farko Baba Jacob ya sa babbar riga ya je, aka ce ya yanki tikiti. An ce mutanen da ke zuwa kallonsu ba sa cika benci biyu, kuma a ƙarshen shekarar suka faɗo.

A gida kuwa labarin ya sami yadda za a riƙa faɗinsa. Nufin Allah ne. Aikin maƙiya ne. Shi ne ya nace sai ya buga, kowa ya san zuciyar Dominic. Mama Naomi har ta fara cewa tun ranar da aka haska masa tocila a ido ne abin ya lalace. Masu zuwa dubiya suna gyaɗa kai, su ce ai an yi ƙoƙari.

Zacharias ya tara samari ya kafa sabuwar ƙungiya daga rukunin ƙasa. Wasansu na farko mutum arba'in da bakwai suka zo, na biyu talatin. Wata safiyar Asabar shi da Baba suka shigo ɗakin Rosemary. Zacharias yana riƙe da sabuwar riga mai lamba tara, a waje kuma ya jingine kujerar guragu da ya aro daga coci.

"Matarmu, ki shirya shi da wuri yau. Za mu kai shi fili."

"Ya yi me a fili?"

"Ya zauna kawai, kusa da ƙofa. Na riga na sa an yi shela a tasha. Mutane suna son ganinsa. In suka ji yana nan, za su zo."

"Zai ji daɗi," Baba Jacob ya ƙara. "Iska ma za ta yi masa amfani."

Dominic yana kwance yana jin su. Hannunsa mai lafiya ya damƙe ƙarfen gadon, jijiyoyin suka tashi. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ya sake fitowa.

"Kun ji," in ji Zacharias. "So yake ya je."

Rosemary ta ajiye kwanon kunun. Ta tashi ta tsaya tsakaninsu da gadon.

"Cewa yake a'a. Wata goma ina jin wannan muryar, na san a'a ɗinsa. Ya faɗa muku da bakinsa yana da lafiyar magana, ba ku ji ba, yanzu ne za ku ji?"

"Rosemary, Baba ne a gabanki."

"Na gan shi. Na aika wa yayana a Jikwoyi, gobe zai zo da mota. Ni da mijina da 'yata za mu tafi. Wanda zai hana ni, ya fara faɗa wa mutanen coci abin da Sista ta ce masa a tsakar gidan nan. In ba zai iya ba, ni zan tashi in faɗa."

Ba wanda ya hana ta. Washegari maƙwabta suka tsaya a ƙofofinsu suna kallo ana ɗora katifa da tukwane a mota, wasu suna cewa matan yanzu ba su da kunya, ta raba ɗa da iyayensa.

Ba wanda ya taɓa dukan Dominic a gidan ubansa, ba wanda ya hana shi abinci. Waɗanda suka kai shi inda yake duk masu ƙaunarsa ne, kuma kowannensu yana da dalilin da in ka saurara za ka ji tausayinsa. Shi ya sa har yau ba a kira abin da sunansa ba. Dubu ukun da suka yi ta kiran sunansa sun watse a yammacin nan, kowa ya tafi da labarin ƙwallo mai kyau. A Orozo in hira ta kai kan wasan, sai ka ji ana gardamar ko daga dama aka bugo kwanar ko daga hagu. Ba a cika tambayar ina mai ƙwallon yake ba. Yana Jikwoyi, a ɗaki ɗaya bayan injin niƙa, inda 'yarsa take koya masa faɗin sunanta.